Ɗorawar Iya da Gini Mai Ƙofa Uku

A wajenmu gona daban take, itacen da ke cikinta daban. Mutum zai iya mallakar ƙasa tun daga wannan jerin gamba har zuwa wancan, amma tsamiyar da ke tsakiya ta wata tsohuwa ce da ke aure a wani gari, kuma ba shi da ikon taɓa 'ya'yanta sai abin da iska ta kayar. Ban san akwai abin mamaki a cikin wannan ba sai da na shiga makaranta a Kano, na ba wani abokin ɗakina ɗan birni labari, ya yi ta dariya yana cewa saura kaɗan mu fara raba inuwa. Ban ba shi amsa ba, don ni ba mai ba da amsa ba ne. Amma abin da ya faɗa da wasa ya zo ya tabbata a kan idona.

Iya ita ce mahaifiyar babana. Da aka raba gadon mahaifinsu, ƙaninta ya sami gonar bakin hanya. Shi ne duk gidanmu muke kira Kawu, don haka muka ji Baba yana kiransa. Ita kuma aka ba ta wata 'yar gona can cikin fadama, da ɗorawar da ke tsaye a tsakiyar gonar Kawu. 'Yar gonar ta daɗe da bar wa Baba. Ɗorawar ce ba ta bar wa kowa ba.

Itace ne babba, mai faɗin kai. Da rani takan yi jajayen furanni masu lilo kamar tuntun hula, da bazara kuma ta cika da 'ya'ya har rassan su sunkuyo. Iya ta sa a kaɗo su da gora mai ƙugiya, ta ba yara garin su sha har bakinsu ya yi rawaya, ɓawon kuma mata su zo roƙo idan za su yi daɓe. Kalwar ita ce maganar. Ta dafa, ta surfa, ta wanke, ta rufe ta da ganye a ɗakinta har warin ya hana kowa shiga, sannan ta kirɓa ta shanya. Daddawarta har kasuwar Ɗanbatta ake kai ta, kuma ba ta dawowa. Da ita take cin goro, da ita take ɗinka zanen salla, da ita take yi wa mutane gudummawar biki da suna. Ban taɓa jin ta ce wa Baba ko wata suruka a ba ta wani abu ba. Takan ce ranar da muka ji ta fara cewa a ba ta, to mu je mu nemo masu haƙa.

Kawu kuwa ya tsani ɗorawar nan tun yana saurayi. Ya ce inuwarta tana kashe masa gero, saiwarta tana karya masa garma, tsuntsayen da ke kwana a kanta su ne suke cinye abin da ya rage. Duk damina sai ya faɗi wannan a bakin masallaci, duk bazara kuma sai Iya ta aika masa da ƙwaryar daddawa, ya karɓa.

Wata shekara malamanmu suka shiga yajin aiki, na dawo gida da jakar littattafai ban san ranar komawa ba. A daminar nan ne labari ya zo cewa ƙaramar hukuma za ta gina mana cibiya. Gini ɗaya ne za a tara komai a ciki: ɗakin shan magani, ofishin malamin gona, na malamin dabbobi, teburin rajistar haihuwa, da babban zauren da jama'a za su zauna su jira. Garuruwa uku ne za su yi tarayya a kansa. Akwai namu a yamma, garin dagaci a arewa, sai ƙauyen kudu inda yawancin mutanen Kiristoci ne, waɗanda muke gayyar noma tare tun zamanin kakanni. Da yake ba garin da zai yarda a kai ginin garin wani, sai aka nemi inda iyakokin ukun suka haɗu. Aka auna, aka sake aunawa, igiya ta faɗa gonar Kawu.

Kafin a gama tambayarsa ya amince. Aka ba shi diyya, ya dangwala yatsa, ya sayi bijimi da sabuwar hula. Bayan 'yan kwanaki wasu ma'aikata suka zo da gwangwanin jan fenti, suka kafa turaku, suka zana wa ɗorawar Iya ƙatuwar alama a ciki.

Da yamma ta kira ni ɗakinta. Maigida take ce mini, irin wasan kaka da jika, ko da yake kullum tana ƙarawa da cewa ba ta taɓa ganin maigidan da ba ya cefane sai karatu ba.

“Maigida, ka ga abin da aka shafa wa ɗorawata?”

“Na gani, Iya.”

“Kwalliya ce?”

“Alama ce. Wai za a sare.”

“Wai,” ta maimaita, tana ɓare goro. Sannan ta yi mini bayani dalla-dalla. Baba ba zai iya tsayawa gaban kawunsa ya yi jayayya ba, kunya ba za ta bar shi ba, kuma ita ma ba za ta so a ce ɗanta ya yi ba. Ita kuwa idan ta buɗe baki a kan ƙaninta a gaban baƙi, abin da zai fita ba zai koma ba, ga shi su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu. Ba ta son ta tsira da itace ta rasa ɗan'uwa.

“Kai jika ne,” ta ce. “Shi ma kakanka ne. Ko me ka gaya masa dariya za a yi, shi ma dole ya yi dariyar. Amma an ji.”

“Iya, duk cikin jikokinki ba ki ga wanda za ki aika ba sai ni?”

“Sauran suna gona. Kai ne ba ka da aikin yi.”

Ya kamata in faɗi irin mutumin da ta zaɓa. Ni ne wanda idan mai shago ya miƙo mini abin da ban nema ba, nake karɓa in yi godiya. Kawu ya daɗe yana tsokanata kamar yadda kakanni suke yi. Bebe yake kirana, yana cewa zai ƙwace mini Iya ya aurar da ita ga mai baki, ni kuwa iyakata murmushi in sunkuyar da kai. Saboda haka shawarar Iya ta in je in yi wasan jika a gaban manya ba ta shige ni ba. Na ga abin da ya dace da ɗalibi shi ne hujja. Na ɗauko littattafan fiƙihu na aro, na karanta babin gado, na tsara jawabi mai gabatarwa da hujjoji da kammalawa, na haddace shi tsaf. Kowace safiya nakan karanta wa jakinmu shi a bayan gida. Yakan saurara har ƙarshe, wani lokacin ma ya gyaɗa kai.

An kafa kwamitin gini, yana zama a wani aji na makarantar firamaren garin dagaci. Dattawa da manyan riguna suka matsu a bencin yara, gwiwoyinsu suna taɓa haɓa. Kansila ne shugaba. Injiniyan ƙaramar hukuma, wani mai sanyin murya da kullum yake kama da wanda bai sami barci ba, yakan shimfiɗa zanen ginin a kan tebur ya danne shi da wayoyinsa. Ni ina can baya kusa da taga. Na lura da zanen sosai. Zauren jiran yana zaune daidai kan ɗorawar Iya, ba ko karkacewa.

Zaman farko ya ƙare a gaisuwa da gyara wurin zama, don mai unguwarmu ya ga an sa shi a bayan mai unguwar wani gari da bai kai namu tsufa ba. Zama na gaba aka shiga maganar ƙofa. A zanen ƙofa ɗaya ce, tana kallon arewa.

Mai unguwarmu ya ce, “Ranka ya daɗe, mu ba za mu riƙa zagayowa ta bayan gini kamar ɓarayin akuya ba.”

Wani dattijo daga ƙauyen kudu, mai farin gemu da hular saƙa, ya ce, “Ku bar ma wannan. Wa ya fi mu haihuwa a nan? Mu ne za mu fi shiga rajistar nan. Ƙofa ta kalle mu.”

“Ku haifa, mu mu ciyar,” in ji wani daga namu, aka kwashe da dariya.

Dagaci gyaran murya kawai ya yi. Sai wani na kusa da shi ya bayyana cewa shi bai taɓa ganin ginin hukuma ya juya wa dagaci baya ba, kuma ba ya fatan ya gani. An yi makonni a kan wannan. A ƙarshe injiniya ya ciro fensir, ya goge tagogi biyu ya mai da su ƙofofi, aka yi kabbara, mutanen kudu suka yi tafi.

Daga nan aka zo kan bayan gida. Nan lissafi ya juye, don ba garin da yake son a kai shi ɓangarensa. Arewa ta ƙi, kudu ta ƙi, mu muka ƙi. Saura gabas, liman ya ɗaga yatsa ya ce alƙibla ce. Aka yi ta duban zanen, kamar za a sami wata kusurwa ta biyar da aka manta. Kansila ya ce a ɗage maganar zuwa wani zama. Har yau a ɗage take.

Ni kuma duk zaman nan ina jiran lokacin da kansila zai ce ko akwai mai sauran bayani. Yakan faɗa ne yana naɗe takardunsa, daidai lokacin da ake shigo da kwalaben lemo, ko kuma ladan ya riga ya kama lasifika. Wata rana na yi ta maza na ɗaga hannu, kansila ya ce madalla da ɗan makaranta, in je in ɗebo wa dattawa ruwan alwala. Wata rana kuma na miƙe tsaye sosai, na yi sallama da ƙarfi, duk aka juyo aka amsa. Gabatarwar da jaki ya sha ji ta ɓace gaba ɗaya. Na tsaya ina kallon allo, har wani ya ce ai yaron so yake ya goge allon, a ba shi tsumma. Na goge.

Duk daren da na dawo, kafin in cire takalmi Iya take kirana.

“Maigida, me ka ce musu yau?”

“Na yi sallama.”

“Suka ce me?”

“Suka amsa.”

“To alhamdu lillahi. Sun dai san kana da rai.”

Ba ta taɓa yi mini faɗa ba. Amma na lura ta fara zuwa gindin ɗorawar da hantsi ba tare da wani aiki ba, ta zauna ta dawo. Wata rana na same ta tana kankare jan fentin da tsinken kara, ta ga na gan ta, ta jefar da tsinken ta ce ƙaiƙayi yake yi wa itacen.

A can sama kuma kwangila tana tafiya irin tata tafiyar. Wanda aka fara ba wa wani Alhaji ne daga birni. Ya zo sau ɗaya a baƙar mota, ya sauke gilashi, ya dubi gonar, ya ɗaga gilashi. Bayan girbi muka ji ya sayar wa wani, shi ma wanin ya sayar wa wani. Duk sanda kwangilar ta sauya hannu, sai injiniya ya zo da sabon zane, kuma sai na ga ɗaki ɗaya ya ɓace. Da farko aka haɗa malamin gona da malamin dabbobi a ofis ɗaya, aka ce ai manomi da dabbarsa ba sa rabuwa. Sai teburin rajista ya koma cikin ɗakin shan magani, aka ce daga haihuwa sai rubutu, an rage wa mata wahala. Ginin yana ta tsukewa kamar rigar da aka wanke da ruwan zafi, amma ƙofofi uku suna nan, zauren jira ma yana nan a kan ɗorawa, don shi ne abin da ciyaman ɗin ƙaramar hukuma ya fi ambata a jawabinsa.

An aza harsashi da kiɗa da rumfuna, ciyaman ya ɗora bulo ya shafa siminti da cokali mai kyalli. Kafin simintin ya gama shan iska wa'adinsa ya ƙare, aka naɗa kantoma. Kantoma ya ce shi ba zai gina a kan bulon wani ba, aka sake kafa rumfuna, ya aza nasa a ɗaya gefen. Bulo biyun nan suka yi ta kallon juna a cikin karan gero, awaki suna hawa kansu.

Wanda kwangilar ta faɗa hannunsa a ƙarshe surukin kansila ne, mai sayar da abincin kaji. Mutum ne gajere mai saurin lissafi, kullum da ɗan fensir a bayan kunne. Shi ya zo da niyyar aiki da gaske, don ya ce abin da ya rage a cikin kwangilar ba zai jure a sake sayarwa ba. Aka sa ranar da za a damƙa masa fili. Lokacin bazara ta shigo, ɗorawa ta yi 'ya'ya jingim amma ba su gama nuna ba. Sai muka ji Kawu ya riga ya yi ciniki da wani mai gidan burodi a kan itacen, kuma masu injin yanka za su zo a ranar.

Da safen ranar Iya ta yi wanka, ta ɗaura zanenta na salla, ta ɗauki gorarta mai ƙugiya ta ce in wuce gaba. Muka tarar da 'yan kwamiti duk sun hallara, sun taru a inuwar ɗorawar don ba wata inuwa a wurin. Samari biyu suna zuba wa injin yanka mai. Iya ta gaida dagaci, ta je ta zauna a kan saiwa ta jingina bayanta daidai kan jan fentin, ta miƙe ƙafa. Ba ta dubi Kawu ba. Na ga leɓenta yana motsi, na gane cewa idan injin nan ya tashi za ta yi magana, kuma na san abin da ta ce game da maganarta.

Na laluba jawabina, na tarar da shi a inda na bar shi. Kawu ne ya hango ni. Yana cikin sabuwar hularsa, yana jin daɗin taro.

“A'a, ga angon Iya! Bebe, an rako amarya kallon inji? Zo ka riƙe mini butar nan, ka ga ka yi amfani yau.”

Aka yi dariya. Ban san daga ina maganar ta fito ba, ban kuma shirya ta ba. Na dai ji bakina yana cewa, “Kawu, ba zan riƙe ba, kar a ce da ni aka haɗa baki. Wa ya sani ko butar ma ta liman ce ka sayar?”

Sai dariya ta fashe. Liman har da duba gefensa. Wani ya ce, “Kai, jika ya farka!” Dattijon nan na kudu ya buga sandarsa a ƙasa ya ce a ba su fili.

Kawu ya gyara hula. “Yau bebe ya yi magana, za a yi ruwa. Me na sayar na wani, ɗan nema?”

“Gona taka ce, Allah ya sa albarka a bijimi. Amma ɗorawar nan a wace kasuwa ka saye ta? Faɗa mini in je, ko zan sami irinta in ba matata.”

“Itacen da ya cinye mini gero tun kafin a haifi ubanka?”

“Geron da ta ci ai a miya ta biya ka. Tsoho, daddawar wa ake sa maka? Ko so kake in aika a ɗauko tukunyar gidanka a shinshina a gaban dagaci?”

Mutane suka riƙe ciki. Na ga abin da Iya ta faɗa yana faruwa a gabana. Kawu ba shi da hanyar yin fushi, don wanda ya yi fushi da jikansa a gaban jama'a shi ake yi wa dariya har ya mutu. Dole ya yi dariya, ya kuwa yi, yana nuna ni da yatsa yana cewa a kama masa ɗan banzan nan. Da dariyar ta lafa sai ya saci kallon yayarsa, ya ga zanen sallar da ta ɗaura, ya sunkuyar da kai yana wasa da butarsa.

Dattijon kudu ya ce, “Ai yaron gaskiya ya faɗa. Ɗorawar tata ce. Matata a hannunta take sayen kalwa.”

Mai unguwarmu ya ce haka ne. Liman ya ce mahaifinsa ne ma ya yi rabon. Dagaci ya yi gyaran murya, na kusa da shi ya bayyana cewa ranka ya daɗe ya daɗe da sanin haka. Injiniya ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya tambaya don me ba wanda ya faɗa tun damina. Aka ce ai ba a tambaya ba.

Ya buɗe zanensa a kan bayan mota ya ce shi ba abin da zai iya. Zaure a nan yake, kuma matsar da shi sai an koma ofis, ofis ya rubuta wa birni, birni ta amso, wataƙila bayan wani zaɓen. Samarin nan suka ja igiyar inji ya yi tari bai tashi ba. Na dubi Iya, na ga ta ɗora hannu a kan gorarta.

Duk wannan abin ɗan kwangila yana can gefe. Zagaya inuwar yake yi a hankali, yana duban sama yana duban ƙasa, fensir a hannu. Sai ya tsaya.

“Injiniya, wai shi zauren jiran nan, me ake yi a cikinsa?”

“Mutane su zauna su jira.”

“Kamar yadda muke zaune yanzu?”

Injiniya ya ɗaga kai ya dubi rassan ɗorawar. Ɗan kwangila ya ja surukinsa kansila gefe, suka yi ƙus-ƙus, aka yafito injiniya shi ma. Ban ji abin da suka ce ba, amma na ga fensir yana tafiya a tafin hannu, na kuma ga fuskar kansila tana washewa. Ko ni da ban karanci gini ba na san zauren ne ya fi kowane ɗaki cin bulo da kwano da katako, kuma ba wanda ya ce za a mayar wa hukuma da abin da aka ware masa.

Kansila ya dawo ya tsaya a tsakiya ya gyara babbar riga. Ya ce gwamnati mai ci ba ta yarda da sare itatuwa ba, hamada tana matsowa, kuma shi tun farko zuciyarsa ba ta kwanta da alamar nan ba. Saboda haka kwamiti ya yanke shawarar a yi zauren jira na zamani, mai iska ta ko'ina, wanda ba ya buƙatar wuta ko fanka. Ya nuna ɗorawa. Aka yi kabbara, aka yi tafi. Injiniya ya ciro fensir ya zagaye zauren, ya zana ganye a kai.

Sai a lokacin Iya ta yi magana, kuma da ni ta yi, ba da su ba.

“Maigida, gaya musu inuwar aro na ba su. 'Ya'yan nawa ne.”

Na faɗa, da ƙarfi kuma, ba tare da gabatarwa ba. Dagaci da bakinsa ya ce an ji. Mai gidan burodi ya bi Kawu har gida, ban san yadda suka ƙare ba, na dai ga bijimin ya koma ɗan maraƙi.

An gama ginin bayan na koma makaranta. Ɗaki biyu ne da ƙofa uku, ɗayar ƙofar idan ka shiga ta ba inda za ta kai ka sai ɗayar. An yi rufin kwano ba silin, saboda haka daga hantsi ba mai iya zama a ciki. Malamar asibiti ce ta fara fito da teburinta gindin ɗorawa, malamin gona ya biyo ta, mai rajista ya biyo shi, malamin dabbobi dama a waje yake aikinsa. Ranar buɗewa, da aka rasa ƙofar da za a ɗaura ƙyalle ba tare da an ɓata wa gari biyu rai ba, sai aka ɗaura shi a jikin itacen, kantoma ya yanka a nan.

Aka nemi maigadi, kansila ya ce wa ya fi tsohon mai gonar sanin wurin. Yanzu Kawu yana wuni a kan tabarma a cikin inuwar da ya yi rayuwarsa yana zagi, da 'yar sanda a gefensa, kuma duk yaron da ya jefi ɗorawar shi yake bi da gudu. Idan na je hutu ya hango ni yakan ce ga mai bakin nan, a ɓoye butoci. Har yanzu yawanci murmushi nake yi in wuce.

Bazarar da ta wuce ina gida lokacin da 'ya'yan suka nuna. Da sassafe Iya ta aika aka gaya wa ma'aikata. Muka zo da gora da buhuna da 'yan matan gidanmu, muka tarar sun kwashe teburansu sun jingina da bango, mai rajista yana gaya wa wata mai goyo daga kudu ta dawo gobe, yau ba aiki, Iya tana kaɗa. Ta zauna a kan saiwarta tana nuna mini reshe da baki, tana cewa in ɗaga hannu sosai, ba littafi nake buɗewa ba. Kawu yana tsince waɗanda suka faɗa nesa yana zubawa a buhunta, yana gunaguni cewa itacen nan bai taɓa barinsa ya huta ba.